Daga Bagadaza Aka Kai Duban Shekara Banaras: Martani

Maƙalar da Malam ya rubuta a wannan fili a kan duban shekara ta samu karɓuwa, kuma na san dalili. An rubuta ta da kishin addini, ga kuma kaifin alƙalami. Ya yi magana ne a kan al'adar nan ta zana wa mutum taswirar taurari a zagayowar ranar haihuwarsa, a faɗa masa abin da shekararsa ta ƙunsa na aure da dukiya da ciwo, wadda Indiyawa ke kira Varshaphala. A cewarsa, tsohuwar ibada ce ta mabiya addinin Hindu da ta kai shekara dubu biyar, tushenta kuma littattafan Veda. Ya ce Musulmi ba su san ta ba sai da halifofin Abbasiyawa suka buɗe ƙofar fassara, aka kwaso ta daga harshen Sanskirit zuwa Larabci, ta gangaro har zaurukan 'yan duba na garuruwanmu. Ya ƙare da cewa finafinan Indiya ne ke yi mata ban ruwa a yau.

A kan hukunci ba ni da ja. Gaibu na Allah ne, kuma ban ɗauko alƙalami don in wanke ɗan duba ba, na birnin Banaras a Indiya ne ko na bayan kasuwarmu. Tarihin ne Malam ya kifar. Duban shekara irin wanda ya siffanta ba daga Indiya ya tafi Bagadaza ba. Daga littattafan Larabci da Farisanci aka kai shi Indiya, a ƙarni na 13. Kuma ba Turawa masu bincike ne suka fara faɗin haka ba. Malaman Hindu da suka rubuta littattafan fannin da Sanskirit su suka faɗa da bakinsu.

Da farko ya kamata a san abin da ake gardama a kai, domin maƙalar ta haɗa fannoni daban-daban ta kira su da suna ɗaya. Masanin taurari yana lissafa inda rana take cikin burujai goma sha biyu a lokacin da aka haifi mutum: buruji kaza, daraja kaza, daƙiƙa kaza. Kowace shekara rana tana komawa wannan gurbi. Lokacin da ta koma, ko da tsakar dare ne, nan sabuwar shekarar mutumin ta kama, sai a zana mata taswira ta daban, a duba burujin da ke hudowa daga gabas a wannan lokaci, wato ɗali'i. Akwai kuma wata alama da suke kira muntha. Tana tashi daga ɗali'in haihuwa, ta matsa buruji ɗaya duk shekara, ta kammala zagaye a shekara 12. Daga nan sai a naɗa wa shekarar sarki. 'Yan takara biyar ne: tauraron da ke mulkin burujin muntha, da mai mulkin ɗali'in haihuwa, da mai mulkin ɗali'in shekara, da mai mulkin rukunin burujai uku da ɗali'in shekarar ya faɗa ciki, sai mai mulkin burujin da rana take in shekarar ta shiga da rana, ko burujin da wata yake in da dare ta shiga. Wanda ya fi ƙarfi cikinsu, kuma yake kallon ɗali'i, shi ne sarkin shekara. In tauraron Mushtari ne da ƙarfinsa, sai a yi wa mutum albishir. In Zuhalu ne a raunane, sai a ce ya yi hattara.

To, a nemo wannan a cikin Veda. Littafin falaki da ke rataye da Veda, wato Vedanga Jyotisha, kalanda ce ta limamai. Damuwarsa yaushe wata zai cika, yaushe rana za ta juya, wace rana ta dace da wace hadaya. Yana aiki da masaukan wata 27 da zagayen shekara biyar. Babu taswirar haihuwa a cikinsa, balle ta shekara. Taswirar haihuwar ma baƙuwa ce a Indiya. Ta shigo daga Girkawa a ƙarnonin farko na Miladiyya, kuma ɗaya daga cikin tsofaffin littattafanta na Sanskirit sunansa Yavanajataka, wato duban haihuwa irin na Yawanawa, sunan da Indiyawa ke kiran Girkawa da shi a lokacin. Varahamihira, babban malamin taurari na birnin Ujjain a ƙarni na 6, wanda har gobe ɗaliban fannin ke haddace littafinsa Brihajjataka, bai ɓoye cewa Girkawa sun ƙware a wannan ilimi ba. A littafin nasa akwai hanyoyin raba rayuwar mutum zango-zango a ƙarƙashin taurari, amma taswirar komawar rana da muntha da zaɓen sarkin shekarar mutum ba sa ciki. Da a ce abin ya kai shekara dubu biyar, ina Varahamihira yake da bai ji labarinsa ba?

Fannin yana da sunansa a Sanskirit, kuma Malam bai ambace shi ko sau ɗaya ba. Tajika ake ce masa. Sunan ya fito ne daga kalmar da Farisawa ke kiran Larabawa da ita, wadda daga baya Indiyawa suka faɗaɗa ta ga Musulmin da ke zuwa musu daga yamma. Wanda ake ɗauka uban fannin shi ne Samarasimha, mutumin yankin Gujarat na ƙarni na 13. Ba abin mamaki ba ne a ce a nan aka fara, domin tashoshin ruwan Gujarat sun daɗe cike da fataken Larabawa da Farisawa. Bayansa Tejasimha ya rubuta nasa a 1337, Haribhatta ya biyo da Tajikasara, Keshava ya tsara ɗan littafin lissafin shekara, har aka zo kan littafin da ya danne sauran duka, Tajika Nilakanthi, wanda Nilakantha ya kammala a Banaras a 1587. Wannan Nilakantha kuwa babban masanin taurari ne mai muƙami a fadar Sarki Akbar. Yawancin masu duban shekara a Indiya a yau, ko sun sani ko ba su sani ba, daga gare shi suke ɗiba.

Amma shaidan da zan fi so Malam ya saurara shi ne Balabhadra. Ɗalibi ne ga ɗan'uwan Nilakantha, ya kuma rubuta littafinsa Hayanaratna a 1649 a garin Rajmahal, ƙarƙashin inuwar Shah Shuja, ɗan Sarki Shah Jahan, wanda ke gwamnan Bengal a lokacin. Littafin taska ne, domin ya tattaro maganganun marubuta da dama da suka gabace shi, har da waɗanda littattafansu suka ɓata. Martin Gansten na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin ya tace shi ya fassara, aka buga a 2020. Tun a babin farko Balabhadra ya bayyana mene ne Tajika. Ya ce wani malamin Yawanawa ne ya rubuta fannin da harshen Farisanci, daga baya Samarasimha da wasu Barahmanawa, wato malaman Hindu, masana nahawu suka mai da shi Sanskirit. A zamaninsa kuwa, in an ce Yawanawa, Musulmi ake nufi.

Bai tsaya nan ba, kuma a nan ne abin ya ba ni dariya. Balabhadra ya san akwai 'yan'uwansa Barahmanawa da ke ƙyamar fannin, domin akwai tsohon hani a wurinsu a kan yin magana da harshen Yawanawa. Sai ya zauna yana kare kansa, yana kawo hujjojin da ke halatta wa Barahmanawa karanta ilimin da ya fito daga hannun waɗanda suke ɗauka marasa tsarki. Har wani labari ke yawo a littattafan fannin, wai abin bautarsu na rana ne aka yi wa baki, ya sauko duniya a matsayin baƙo a birnin Romaka, ya koyar da ilimin a can, saboda haka karɓo shi daga baƙi karɓo kayan gida ne. Ba a ƙirƙira irin wannan labari sai don a rufe kunyar aro. Wato damuwar da ta hana Malam barci, cewa mun gurɓata da kayan Hindu, ita ce ta hana su Balabhadra barci shekara ɗari uku da saba'in da wani abu da suka wuce, sai dai su tsoronsu kada su gurɓata da kayan Musulmi.

Ko da marubutan sun yi shiru, kayan za su tona asiri, kamar buhun da aka sake wa mazubi aka manta ba a goge tambarin mai shi ba. Zuciyar Tajika ita ce yanayi goma sha shida na hulɗar taurari. Wanda ya taɓa zama gaban malamin zaure ya ji sunayensu. Na farko ikkavala, na biyu induvara: iƙbal da idbar ke nan, gabatowa da juya baya. Sai itthasala, wanda shi ne mafi muhimmanci, inda tauraro mai sauri ke matsowa kusa da mai nawa, a ce buƙata za ta biya. Ittisal ne. Kishiyarsa isarapha, inda mai saurin ya riga ya wuce, a ce an yi latti. Insiraf ne. Akwai nakta daga naƙl, da kambula daga ƙabul, har da gairikambula, wato gairu ƙabul, an kwaso har da "gairu" ɗin ba a fassara ba. Akwai radda, akwai kuttha daga ƙuwwa. Muntha ɗin da muka yi bayani muntaha ce. Wasu gurabe da ake lissafawa don sanin rabon mutum na arziki ko aure ko tafiya, waɗanda Nilakantha ya jera hamsin, sunansu sahama, daga sahm. Iyakokin da ake yanka wa kowane tauraro a cikin buruji sunansu hadda, haddin nan dai da muka sani. Waɗannan kalmomi ba su da saiwa a Sanskirit, harshen da malamansa suka fi kowa iya tono saiwar kalma. A Larabci kuwa ɗalibin aji biyu zai kai kowacce gidansu.

Jerin goma sha shidan nan ma an san inda aka ɗauko shi. Haka yake a gabatarwar da Sahl ɗan Bishr ya rubuta da Larabci. Shi Bayahude ne, masanin taurari, wanda ya yi wa manyan daular Abbasiyawa aiki a farkon ƙarni na 9. Tsakaninsa da Samarasimha akwai kimanin shekara ɗari huɗu. Ban san yadda za a yi mutumin ƙarni na 9 ya kwafa daga mutumin ƙarni na 13 ba.

Akwai wani kuskure da marubutan Tajika suka yi wanda ya fi duk wannan ƙarfin hujja a wurina. In suna jera magabatan fannin, sukan ambaci Khindi, wanda masu bincike suka gane al-Kindi ne, masanin falsafar Bagadaza. Sukan kuma ambaci wasu shehunnai biyu, Hillaja da Khattakhutta. Babu wasu mutane masu waɗannan sunaye. Hilaj da kadkhuda kalmomi ne na fannin, asalinsu Farisanci, ana amfani da su wajen lissafin tsawon rai. Wani ya gan su a kan babi, ya zaci sunayen marubuta ne, na baya suka bi shi, har aka wayi gari ana jingina wa Hillaja baituka. Mai gida ba ya irin wannan kuskure da kayansa. Sai wanda ya karɓo daga harshen da bai gama ji ba.

Yanzu bari in ba Malam haƙƙinsa, don akwai gaskiya a gefen maganarsa, kuma ina jin ita ce ta ja shi. Ilimi ya tashi daga Indiya zuwa Bagadaza, babu shakka. A farkon shekarun 770, zamanin Halifa Mansur, wata tawaga daga ƙasar Sind ta zo da littafin falaki na Sanskirit, aka mai da shi Larabci, ya shahara da sunan Sindhind. Al-Fazari ya yi aiki a kansa, al-Khwarizmi ma ya gina nasa jadawalin a kai. Sai dai Sindhind littafin lissafi ne: ina rana za ta kasance, ina wata, yaushe za a yi husufi. Ba shi ne ya koya wa Larabawa karanta rabon mutum ba. Kafin tawagar ta iso da kimanin shekara goma, a 762, masana taurarin fadar Mansur, Naubakht Bafarise da Masha'allah Bayahude, su ne suka zaɓa masa ranar aza harsashin Bagadaza. Sana'ar tana nan da gindinta kafin baƙin Sind su sauke kaya. Gaskiya ne kuma wasu dabarun Indiya sun shiga duban Larabawa, kamar raba kowane buruji kashi tara, kuma littattafan ɗalasimai na Larabci sukan jingina magana ga wani Ɗumɗum al-Hindi, wanda Ibn Khaldun ma ya ambata. Kowace al'umma tana son ta ce bokanta daga nesa ya koyo. Amma taswirar shekara ba ta cikin abin da aka aro daga can. Tsironta yana littattafan Girkawa, ta yi girma a hannun Farisawa kafin Musulunci, ta kai ƙarshen tsari a wurin Abu Ma'ashar mutumin Balkh, wanda ya rasu a 886 bayan ya rubuta littafi sukutum a kan juyawar shekarun haihuwa. Wannan Abu Ma'ashar, a ruwayar Ibn Nadim, ɗalibin hadisi ne kafin ya koma taurari yana ɗan shekara 47. Ba a haikalin Hindu ya tashi ba.

Muna ma da shaidar wanda ya je ya gani. Al-Biruni ya koyi Sanskirit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030. Da ya zo babin duban taurari, sai ya fara da bayyana cewa Musulmin ƙasarsa ba su san hanyoyin Indiyawa a wannan fanni ba, don ba su samu karanta littattafansu ba, shi ya sa zai yi musu bayani. Wannan fa bayan rasuwar Abu Ma'ashar da shekara 144. In daga Indiya aka kwaso duban Bagadaza, me ya sa al-Biruni zai gabatar da na Indiya a matsayin baƙon abu?

Haƙƙi na biyu da zan ba Malam: Indiyawa suna da nasu hasashen shekara tun kafin Tajika, amma na ƙasa ne, ba na mutum ɗaya ba. Suna da zagayen shekara 60 da kowace shekara ke da sunanta da halinta. Varahamihira a littafinsa Brihatsamhita ya yi babi-babi a kan alamun damina da farashin hatsi, har da ra'ayin cewa gajimare yana ɗaukar ciki ya haifi ruwa bayan kwana 195. Har yau a kudancin Indiya, ranar bikin sabuwar shekara da ake kira Ugadi, jama'a na taruwa a karanta musu kalandar panchanga, a faɗi tauraron da ke sarautar shekarar da wazirinsa, da yadda ruwa da amfanin gona za su kasance. Wannan nasu ne, kuma yana haɗe da ibadarsu. Da a kansa Malam ya yi magana, da ban ce uffan ba. Amma shi taswirar zagayowar haihuwa ya siffanta dalla-dalla, da muntha da sarkin shekara, sannan ya ɗora mata shekarun wancan.

Wani zai ce, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Haram haram ce, ko daga gabas ta zo ko daga yamma. Abin da ya sa na damu shi ne, tarihin da Malam ya bayar yana sauke mana nauyin da namu ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Malaman Musulunci da suka yaƙi duban taurari ba su taɓa ɗaukarsa cutar da iska ta kwaso daga Banaras ba. Ibn Sina ya rubuta raddi a kansa. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi dogon bayani a Miftahu Daris Sa'ada yana rusa hujjojin masu shi, yana bin hasashensu da suka ƙaryata ɗaya bayan ɗaya. Ibn Khaldun ya ware masa fasali a Muƙaddima. Da masu duban fadojin Musulmi suke, mutanen da ke sallah a sahu ɗaya da su. Duk ɗalibin adabin Larabci ya san labarin yaƙin Ammuriyya na 838, inda aka ce masana taurari sun gargaɗi Halifa Mu'utasim kada ya fita, ya fita ya ci garin, Abu Tammam ya yi musu ba'a a ƙasidarsa. Babu ɗan Hindu ko ɗaya a wannan labari.

A ƙasar nan ma haka. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya shahara a ilimin hatimai da taurari, kuma littafinsa Durrul Manzum a kan wani littafi da ake jingina wa Fakhruddin ar-Razi ya ginu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan suka ga masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari. Finafinan Indiya kuwa sai a shekarun 1950 suka fara shigowa gidajen siliman Arewa. Wanda Shehu ke yi wa wa'azi bai taɓa ganin majigi ba. Kuma in ka lura, abin da finafinan nan suka fi nunawa shi ne malamin Hindu yana gwada taswirar saurayi da ta budurwa kafin aure, wanda wani fanni ne daban. Ɗan duban unguwarmu, in ka leƙa buhun littattafansa, bugun Alƙahira da Bairut za ka tarar, da Larabci, wani ma da sunan Abu Ma'ashar a bangonsa. Ko an rufe duk tashoshin Indiya gobe, layin ƙofar gidansa ba zai ragu ba.

Sai kuma in tambaya: ina Malam ya samo shekara dubu biyar ɗin nan? Ba a littafin Nilakantha ba, ba a na Balabhadra ba. Magana ce ta masu tallar duba na zamani. Laƙabin "ilimin taurarin Veda" ya yaɗu ne a ƙarshen ƙarni na 20, musamman a bakin masu sayar da sana'ar ga mutanen Amurka da Turai, domin abin da aka ce tsoho ne kuma daga waliyyan da can ya fito ya fi tsada a kasuwa. Ya kuma yi wa masu ra'ayin cewa duk wani ilimi daga Indiya ya tsiro daɗi, waɗanda ba sa son a tuna musu cewa akwai abin da kakanninsu suka koya daga Musulmi. A 2001 hukumar kula da jami'o'in Indiya ta amince a koyar da duban taurari a jami'a, masana kimiyyar ƙasar suka yi ca, aka je har Kotun Ƙoli, wadda a 2004 ta ƙi hana shirin. Wato maganar da Malam ya ɗauka makami, daga rumfar abokan hamayyarsa ya saye ta. Ya zo rusa sana'a, ya ɓuge da maimaita tallarta.

Alhali hujjojin da ba sa buƙatar ƙarin gishiri suna nan a cikin lissafin kansa. Duk ginin duban shekara a kan abu ɗaya ya tsaya: sanin daidai lokacin da rana ta koma gurbinta. Tsofaffin littattafan Sanskirit suna ƙirga shekara kwana 365 da awa 6 da minti 12 da daƙiƙa 36. Awon zamani, in an gwada da taurari tsayayyu, ya ba da kwana 365 da awa 6 da minti 9 da kimanin daƙiƙa 10. Bambancin bai kai minti uku da rabi ba, amma yana taruwa. Ga ɗan shekara 40 ya haura awa biyu da kwata, ɗali'i kuwa kusan duk awa biyu yake sauya buruji. In ɗali'i ya sauya, gidajen taswirar duka sun gusa, tauraron da ke gidan dukiya ya koma wani gida, sarkin shekara ma yana iya sauka daga karaga. Masu duban Turai kuma da shekarar yanayi suke aiki, wadda ta gaza ta taurari da kimanin minti 20, wato ga wannan ɗan arba'in ɗin tazarar ta wuce awa 13. Sannan har yau masu sana'ar ba su daidaita ba a kan ko da garin haihuwa za a zana taswirar ko da garin da mutum yake zaune. Mutum ɗaya, shekara ɗaya, taswira uku ko huɗu, kowane mai duba kuma yana rantsuwa tasa ce ke faɗin gaskiya.

An ma taɓa gwada su a gidansu. A 2008 a birnin Pune, masanin sararin samaniya Jayant Narlikar da abokan aikinsa, cikinsu har da Narendra Dabholkar, suka tattara bayanan haihuwar yara 200, rabi haziƙan ɗalibai, rabi masu lalurar ƙwaƙwalwa. Aka ba kowane mai duba 40 a cakuɗe, aka ce ya ware. Mutum 27 suka dawo da amsa, kuma a matsakaici kashi 46 cikin ɗari suka dace, abin da bai kai ko na mai cankar ido rufe ba. Taswirar haihuwa aka gwada a nan, ba ta shekara ba, amma ta shekarar a kanta take tsaye. Wannan ita ce irin hujjar da matashin da ya fara leƙa shafukan duba a wayarsa zai tsaya ya saurara. In ka ce masa abin na masu bautar gumaka ne, ran da ya gano kalmomin Larabci ne a ciki, sai ya daina yarda da sauran maganarka, har da wadda ka faɗa daidai.

Allah ya gafarta Malam, buƙatata ɗaya ce, kuma mai sauƙi. A kawo littafin Sanskirit guda ɗaya, wanda aka tabbatar an rubuta shi kafin ƙarni na 13, wanda a cikinsa akwai taswirar komawar rana gurbin haihuwa, da muntha, da itthasala. A faɗi sunan littafin da marubucinsa da babin. Ni na kawo nawa: Sahl a ƙarni na 9, Abu Ma'ashar kafin 886, Samarasimha a ƙarni na 13, Nilakantha a 1587, Balabhadra a 1649. Filin nan a buɗe yake, ina sauraron amsa.